Tsaki Ba Ado Ba Ne: Raddi A Kan Zaɓen Fim Ɗin Baƙi-Da-Fari

Tun da wasu matasanmu suka fara komawa ga ɗaukar hoton baƙi-da-fari da fim, wata magana ta shiga bakinsu, har ta fara isa kunnen ƙungiyoyin al'adu. Cewa suke wai kyaun irin wannan hoto yana cikin tsakinsa, wato ƴan ƙwayoyin nan da ke sa fuskar hoto ta zama kamar an barbaɗa mata rairayi. Wai da tsaki ake gane aikin gwani, wai shi ke ba hoto ƙamshin tarihi. Saboda haka sai su nemo fim mafi sauri, su tsaya da shi da rana tsaka a ƙofar fadar Damagaram. Wannan magana ɓata ce, kuma ɓarnarta ba a kansu kaɗai za ta tsaya ba, domin hoton da ƙungiya ta biya aka ɗauka yau shi ne shaidar da jikokinmu za su buɗe.

Bari mu fara da inda tsakin yake fitowa. Fim leda ce da aka shafe da wani abu mai danƙo, a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa masu jin haske. Babbar ƙwaya tana kama haske nan da nan, ƙarama kuwa sai an ƙosar da ita. Lambar ISO da ke jikin kwali, wadda dattawan masu hoto ke kira ASA, ita ke faɗin wannan sauri: rubu'in hasken da fim mai 100 yake bukata ya ishi mai 400. To amma manyan ƙwayoyin da suka kawo saurin su ne suke bayyana idan an faɗaɗa hoto. Tsaki kuɗin fito ne da ake biya don a haye duhu. Me ya kai mutum biyan kuɗin fito a kan tudu?

Mu kuwa a kan tudu muke. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta ce idan rana ta take, a sa ƙofar haske a 16, a daidaita ƙiftawar kyamara da lambar fim. Mai riƙe da Ilford FP4 Plus, mai lamba 125, zai ɗauka a 1/125 na daƙiƙa, in ya buɗe ƙofar zuwa 8 ya samu 1/500, wanda ya isa ya tsayar da mahayi ranar hawan salla. Saurin da ya wuce wannan ba shi da aikin yi a nan. Fim ɗin da suke yabo ma, Delta 3200, kamfanin da ya yi shi ya bayyana cewa ainihin saurinsa 1000 ne, ragowar da tsawaita wanki ake cike ta, alhali tsawaita wanki yana ƙara tsaki, yana kuma ƙara nisa tsakanin fari da baƙi. Sai a dubi abin da muke ɗauka: baƙar fuska a ƙarƙashin farin rawani, rana a tsakiyar ka. Rawanin zai fito fari fat babu ko ninki ɗaya, fuskar ta nutse cikin inuwa.

A nan ne abin yake yi mini ciwo. Aska takwas da ke ƙirjin babbar riga zare ce a kan zare, kuma da ita ake gane hannun maɗinki da garin da ya fito. Zanen da ke kuncin tsohon Bagobiri a Tibiri layuka ne sirara, yaran yanzu kuma ba a cika yi musu ba, wataƙila hoton nan ne kaɗai zai rage. Haka zayyanar da ke jikin sorayen unguwar Birni, wadda kowace damina take ɗan cinyewa. Takardun ajami kuwa sun fi kowa shiga uku, domin tsakanin ba da ta babu komai sai ɗigo, kuma idan ƙwayar tsaki ta kai girman ɗigo a jikin fim, mai karatu ba zai san wanne malam ya rubuta ba, wanne azurfa ta ƙara. Irin wannan aiki fim mai nawa yake so, kamar Pan F Plus mai lamba 50, a kafa kyamara bisa ƙafafu uku, a yi haƙuri.

Za su ce ai manyan masu hoto sun yi tsaki da gangan. Gaskiya ne. A Japan, mutanen mujallar Provoke ta 1968, ciki har da Daido Moriyama, sun zaɓi kaushi da dishi-dishi don su yi wa tsabtataccen hoton zamaninsu tawaye. Suna da abin da suke yi wa tawaye, suna da rumbunan hotuna cike. Mu da me muka ƙoshi? Ina kuma zargin wani abu: idon baƙo ya saba ganin Sahel cikin hazo da ƙura tun hotunan yunwar 1973 da ta 1984, kuma yaron da yake son a yaba masa a waje ya gane irin hoton da ake tafa wa.

Magabatanmu a wannan sana'a ba haka suka yi ba. Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, ya yi aiki da fim mai faɗin santimita 13 a 18, wato kusan ninki 27 na ɗan ƙaramin fim mai milimita 24 a 36 da ake sa wa yawancin kyamarori. Shi ya sa har yau ana ƙirga furannin atamfar matan da ya ɗauka. Malick Sidibé, da ya karɓi Zakin Zinariya a Venis a 2007, da dare ya yi yawancin farautarsa a wuraren rawa, amma fitila ya ɗauka, bai miƙa wuya ga duhu ba. A Yamai ma Philippe Koudjina ya bi dare a shekarun 1960 da 1970, kuma a hotunansa ana gane wane da wance.

Kada a ɗauka ina cewa fim mai nawa shi ne maganin komai. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Kokawa da yamma liƙis, ko hira da dattijo a cikin zaure, mai lamba 50 zai ba ka hoto mai laushi kamar gari amma mutanen sun zama hayaƙi, domin motsi yana cin kaifin hoto fiye da yadda tsaki yake ci. Nan ne gurbin mai 400, HP5 Plus ko Tri-X ɗin Kodak da aka fito da shi a ƙaramin fim tun 1954. Wanda yake son saurin ba tare da kaushin ba, akwai T-Max, da ya fito a 1986 da ƙwayoyi masu faɗi kamar faifai, waɗanda suke tarar haske da yawa ba tare da sun yi kauri ba. Laushi daban, kaifi daban: ruwan wanki na Rodinal yana fito da gefen abu tsaf amma yana tona tsaki, D-76 yana lallashinsa.

Akwai kuma zafi, wanda littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba. A ma'aunin 20 ake wanke fim, ruwan famfon Maraɗi kuwa a watan Afrilu kowa ya san yadda yake, in ba a sanyaya shi da ƙanƙara ba zai ƙara tsakin da ba a nema ba. Fim mai sauri kuma shi ya fi saurin lalacewa idan ya kwana cikin jaka a bazara.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyoyi da malaman da ke raka ɗalibai wajen tattara tarihi: kafin a fitar da ko dala, a tambayi mai hoto da wane lokaci zai ɗauka, kuma wace lamba ya saya. A sa shi ya wanke gwaji guda, ya faɗaɗa shi zuwa santimita 30 a 40, a kai wa maɗinkin riga ya duba. In maɗinki bai iya faɗin irin ɗinkin da ke ƙirjin rigar ba, a sauya fim tun dattijon da za a ɗauka yana nan.