Gwajin Milgram da Haƙƙin Wanda Ake Gwadawa

Manufar wannan ɗan bayani ita ce duba wata tambaya da ta daɗe tana damun masana ilmin halayyar ɗan'adam, wato ko ya halatta mai bincike ya yaudari mutum, ya jefa shi cikin firgita, don a ƙaru da ilmi. Ra'ayina shi ne, komai darajar abin da ake nema, bai kamata a biya kuɗinsa da mutuncin wanda bai san cinikin da ake yi da shi ba. Zan kafa hujja da wani shahararren gwaji da aka yi a Amurka.

A shekarar 1961, shekarar da aka gurfanar da Adolf Eichmann gaban shari'a, Stanley Milgram na Jami'ar Yale ya ƙudurta gano iyakar biyayyar da mutum zai yi wa mai iko. Ya sa sanarwa a jarida cewa ana neman mutane don bincike a kan koyo da hadda, za a kuma ba kowa dala huɗu da rabi. Duk wanda ya zo sai a naɗa shi “malami”, a zaunar da shi gaban wata na'ura mai makunnai 30, daga bolt 15 har zuwa bolt 450. A ɗaki na kusa an ɗaure “ɗalibi” a kujera. In ɗalibin ya yi kuskure, malami zai danna masa wuta, kowane kuskure kuma a ƙara ƙarfinta. Abin da malamin bai sani ba shi ne babu wata wuta, ɗalibin kuma ɗan wasa ne da aka haɗa baki da shi. Cikin maza 40 na rahoton da aka buga a 1963, mutum 26 sun danna har makunni na ƙarshe.

Haƙiƙa wannan sakamako ya girgiza masana, kuma masu kare Milgram suna da abin faɗa. Sun ce da an gaya wa mutanen gaskiya tun farko, da gwajin ya zama wasan yara. Sun ƙara da cewa da aka tambaye su daga baya, kashi 84 cikin ɗari sun ce sun ji daɗin shigarsu. Ba na raina wannan hujja, amma a ganina ba ta ƙosar ba, saboda dalilai uku.

Na farko, wahalar da mutanen suka sha ta gaske ce, ko da wutar ta ƙarya ce. Milgram da kansa ya rubuta cewa sun yi ta zufa da makyarkyata da cizon leɓe, uku daga cikinsu ma jikinsu ya ƙwace musu gaba ɗaya. A 1964 Diana Baumrind ta yi masa raddi a kan wannan, tana nuna cewa wanda ya gane zai iya azabtar da baƙo don an umarce shi, ya koma gida da nauyin da bai zo da shi ba.

Na biyu, an toshe musu ƙofar fita. In malami ya nemi tsayawa, mai kula da gwajin yana da jimloli huɗu da zai matsa masa da su, ta ƙarshensu tana cewa ba shi da wani zaɓi sai ya ci gaba. Yardar da mutum ba zai iya janyewa ba, sunanta kawai yarda. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 sun riga sun tanadi cewa wanda ake bincike a kansa yana da ikon dakatar da shi.

Na uku, ba a warware wa kowa ƙullin nan take ba. Gina Perry, wadda ta bi takardu da kaset-kaset na Milgram, ta nuna a littafinta na 2012 cewa da yawa sun bar ɗakin ba tare da an bayyana musu cewa ɗalibin bai sha wuta ba, sai bayan watanni.

To, shin wannan yana nufin a rufe irin wannan bincike ke nan? A'a. Jerry Burger ya maimaita gwajin, ya buga sakamakonsa a 2009. Ya fara tantance mutanen don ya cire masu raunin zuciya, ya nanata musu cewa suna iya tafiya da kuɗinsu duk lokacin da suka so, ya tsayar da gwajin a bolt 150, sannan ya gaya musu gaskiya nan take. Duk da haka kashi 70 cikin ɗari sun nuna za su ci gaba. An sami ilmin, cutar kuma ta ragu ƙwarai.

Saboda haka, kafin a taɓa kowa, wajibi ne wani kwamiti wanda ba ruwansa da binciken ya duba tsarinsa, kamar yadda dokar Amurka ta 1974 ta shimfiɗa. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Bugu da ƙari, ya kamata malamai su lura cewa ɗalibin da malaminsa ya nemi ya shiga bincike yana cikin irin halin mutanen Milgram, domin kunya da tsoron maki ba za su bar shi ya ce a'a ba. Mu ɗalibai kuma, in mun fita da rakoda wajen dattawa da mawaƙa, mu gaya musu abin da za mu yi da maganarsu, mu kuma kashe na'urar duk sa'ad da suka ce a kashe.