Ina ya fi dacewa a je kallon kifin wel? Ga jerina, kuma Afirka ce a sama 🧵

1/ Duk jerin wuraren kallon kifin wel da ke yawo a intanet kusan iri ɗaya ne: Iceland, Hawaii, Sri Lanka, Tonga. Ni dai ban gamsu da yadda ake jera su ba. A nawa lissafin, wani ƙaramin gari a Afirka ta Kudu ne na ɗaya. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Da farko, sunan "kifi" ara masa muka yi. Da huhu yake numfashi, haihuwa ake yi, uwa ta shayar da ɗanta nono. Feshin nan da kuke gani a bidiyo numfashi ne yake fitarwa ta hancin da ke saman kansa. In ya kasa tasowa ya shaƙi iska, mutuwa zai yi kamar ni da kai.

3/ Babbansu, shuɗin wel, yana kai wa tsawon mita 30, nauyinsa ya haura tan 150. Ku lissafa da tirelar siminti mai ɗaukar buhu 600: lodin tirela biyar ke nan a jikin dabba ɗaya. Abincinsa kuwa wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande. Ikon Allah sai kallo.

4/ Kuma ba baƙonmu ba ne kamar yadda muke zato. Ambar na asali da ake sa wa a turare, daga cikin wel mai ƙaton kai yake fitowa. Masu karatun hadisi sun san labarin rundunar Abu Ubaida (RA) da ta tsinci wata dabba mai suna Ambar a bakin teku, ta yi kwanaki tana cin namanta.

5/ A ƙarni na 20 kaɗai an kashe wel kusan miliyan 3, yawanci saboda mansa. A 1982 hukumar IWC mai kula da farautarsa ta kaɗa ƙuri'ar dakatar da farautar kasuwanci, dokar ta fara aiki a 1986. Norway da Iceland ba su daina ba, Japan ma ta fice daga hukumar a 2019 ta koma ruwa.

6/ Abin da ya taimaka wajen sauya lissafi shi ne kuɗi. Rahoton ƙungiyar IFAW ya nuna a 2008 mutum miliyan 13 suka je kallon wel a ƙasashe da yankuna 119, suka kashe dala biliyan 2.1. Mataccen wel sau ɗaya ake sayar da shi. Mai rai kuwa duk shekara zai dawo, a sake karɓar kuɗin tikiti.

7/ Sai dai kallon ma yana iya zama cuta. Uwar da ta zo ruwa mai ɗumi ta haihu, watanni take yi kusan ba ta cin komai, kitsen jikinta take ƙonawa tana shayarwa. Duk sanda jirgi ya kore ta, ƙarfin da za ta koma wurin abinci da shi ne ake rage mata. Ga ƙarar inji, su kuma da sauti suke neman juna.

8/ Don haka ma'aunina uku ne:
a) Dabbar ce ke zuwa da kanta, ko bin ta ake yi?
b) Kuɗin wa ke ci, mutanen garin ko wani kamfani daga nesa?
c) Mai fasfo irin namu da aljihu irin namu zai iya kai wa?
Kyawun hoto bai shiga lissafin ba.

9/ NA ƊAYA: Hermanus, Afirka ta Kudu. Kimanin kilomita 120 daga Cape Town. Daga Yuni zuwa Nuwamba wel ɗin kudu ke tasowa daga ruwan sanyi na wajen Antatika, su shigo mashigin Walker Bay su haihu su yi reno. Satumba da Oktoba ne kakar abin.

10/ Abin da ya sa na ɗora shi a sama: ba sai ka shiga jirgi ba. Akwai hanyar ƙafa ta kusan kilomita 12 a kan duwatsun bakin teku, kana tsaye uwa da ɗanta na juyi a ƙasanka. Ba tikiti, ba amai, ba a takura wa kowa. Ma'auni na farko ya ci maki cikakke.

11/ Har mai shela gare su. Tun 1992 garin ke da mutumin da aikinsa ya zaga da ƙahon da aka yi da busasshiyar ciyawar teku, ya busa ya sanar da inda aka hango wel. Ƙarshen Satumba kuma su yi biki sukutum. Matsala ɗaya ita ce biza ga ɗan Najeriya. 'Yan uwanmu na Ghana kam tun Nuwamban 2023 aka ɗauke musu.

12/ NA BIYU: tafkunan Baja California a Meksiko, musamman San Ignacio da Ojo de Liebre. Wel mai ruwan toka ke zuwa nan daga Janairu zuwa Maris, bayan ya taso tun daga wajen Alaska. Zuwa da dawowa tsakanin kilomita 15,000 ne zuwa 20,000, duk shekara.

13/ A nan abin ya juye: dabbar ce ke zuwa kallon mutane. Ana tsayar da ƙaramin kwalekwale, uwa ta taso da kanta, wani lokaci har ta turo ɗanta gefen jirgi. Kuma a wannan ruwan ne aka yi wa kakanninsu kisan kiyashi a ƙarni na 19, lokacin da mafarauta ke kiran su shaiɗanun kifi saboda yadda uwa ke fasa jirgi in an taɓa ɗanta.

14/ Wurin bai tsira a banza ba. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya a 1993. Da aka so gina katafariyar masana'antar gishiri a San Ignacio, mutane suka yi ta bore har shugaba Ernesto Zedillo ya soke aikin a shekarar 2000. Yawan jiragen da ke shiga ƙayyadadde ne, matuƙan kuma yawanci masuntan yankin ne.

15/ NA UKU: tsibiran Azores na ƙasar Fotugal, can tsakiyar Atlantika. Mutanen tsibirin Pico da farautar wel suka gaji, sai a 1987 aka kashe na ƙarshe. 'Yan ɗakunan da ke kan tudu inda mai gadi ke hango wel ya sanar da mafarauta, yau su ne ake hango shi a kira jiragen 'yan kallo ta rediyo.

16/ Ido ɗaya, gwaninta ɗaya, sana'a ta sauya. An ƙirga nau'in wel da dolfin sama da 20 a ruwansu. Mai ambar yana nan duk shekara, shuɗin kuma yana ratsawa wajen Afrilu da Mayu. In burinka ka ga babbar dabbar duniya ba tare da turereniyar jirage ba, nan zan tura ka. Sai dai a tanadi bizar Schengen.

17/ NA HUƊU: Kaikoura a New Zealand. Dab da gaɓa akwai wani kwazazzabo a ƙarƙashin teku mai zurfin sama da mita 1,000, shi ya sa mai ambar ke zaune a wurin rani da damina. Yakan nutse ya yi wajen minti 45, ya taso ya huta, ya ɗaga jela sama ya sake komawa.

18/ Ma'auni na biyu ne ya kawo Kaikoura. A 1987 aiki ya yi wuya a garin, sai wasu iyalai 'yan ƙabilar Maori suka jinginar da gidajensu suka sayi jirgi ɗaya. Wannan kamfanin har gobe na al'ummarsu ne, kuma shi ya tayar da garin. Nisa da tsada ne kawai suka jawo shi ƙasa a jerina.

19/ NA BIYAR: Peninsula Valdes a Ajantina, shi ma yana jerin UNESCO tun 1999. Wel ɗin kudu ne, Yuni zuwa Disamba. A gaɓar El Doradillo kusa da Puerto Madryn, ruwan na da zurfi tun daga baki, kana tsaye kan tsakuwa suna wucewa gabanka har kana jin hucinsu.

20/ Yanzu ga waɗanda na sauke, na san a nan za a yi mini ca. 😅
Mirissa, Sri Lanka. E, akwai shuɗin wel daga Disamba zuwa Afrilu. Amma jirage da yawa kan yi wa dabba ɗaya rubdugu, ga babbar hanyar jiragen dakon kaya ta ratsa inda suke kiwo, ana bankaɗe su. Wanda ke cikin wannan hali ba ƙarin jirgi yake buƙata ba.

21/ Tonga. Nan ne ake ɗaukar bidiyon nan na masu iyo gefen wel mai doro da ɗanta, wanda ke tara miliyoyin kallo. A yaba musu, sarkinsu ya haramta farauta tun 1978. Amma binciken da aka yi a Vava'u ya nuna iyayen na kauce wa jirage da masu iyo, suna ƙara daɗewa a ƙasan ruwa. Mai jego ce fa. Ko a gida an san ba a damun mai jego.

22/ Iceland kuwa raina biyu. A Husavik ana ganin mai doro sosai lokacin zafinsu, amma ƙasar har yanzu tana ba da lasisin farauta. Masu cewa a je suna da hujja: masu jiragen kallo na cikin manyan masu adawa da farautar a cikin gida. Na yarda. Sharaɗi ɗaya: kar ka kalle shi da safe ka yi odar namansa da dare.

23/ To ma'auni na uku fa? Nan ne labarin ya fi daɗi. Mai doro da ke kiwo a Antatika yana tasowa har mashigin tekun Guinea ya haihu, wajen Yuli zuwa Oktoba. Ana ganin sa a Gabon, Sao Tome, gaban Kwatano da Lome, gaɓar Ghana, har da ruwan Najeriya. Nesa ta zo kusa.

24/ Gabon ce ta fi ɗaukar abin da gaske. A 2017 ta ware kashi 26 cikin 100 na ruwan tekunta a matsayin wurin kariya, kuma ana fita kallo a yankunan Pongara, Loango da Mayumba. Cape Verde ma, wadda memba ce a ECOWAS, tana da nata masu doron a tsibirin Boa Vista daga Maris zuwa Mayu.

25/ Gabashin Afirka: Watamu a Kenya, da tsibirin Sainte-Marie a Madagaska, duk wajen Yuli zuwa Satumba. Ga wanda ya fara aiki yana tara 'yan kuɗinsa, waɗannan sun fi kusa da gaskiya a kan mafarkin Hawaii. Ba jinin jikinka za a tatsa a ofishin jakadanci ba.

26/ Mu kuma fa? Najeriya na da gaɓar teku kilomita 853. Amma yaushe wel ke shiga labaranmu? Sai ranar da mushensa ya fito a Bayelsa ko Legas, a ga bidiyon jama'a da adduna da bokitai. Dabbar da ke ciyar da gari guda a wata ƙasa, mu a wurinmu naman kwana biyu ce.

27/ Na san wani zai ce: ana fama da kuɗin shinkafa da na makaranta, kai kana zancen kifi. Gaskiyarka, ni ma ɗalibi ne, na san farashin taliya. Amma ku duba jerin nan da kyau. Kaikoura, Pico, San Ignacio, duk garuruwan talakawa ne da sana'arsu ta mutu ko ta ja baya. Zancen wel ɗin zancen aikin yi ne.

28/ Abin da suka yi ba sihiri ba ne: an ƙirga dabbobin, an san watannin zuwansu, an kafa dokar tazara, an horar da masunta, an ba su lasisi. Masu karanta ilimin halittu, yawon buɗe ido da shari'a a jami'o'inmu, ga fili nan a buɗe, ba cunkoso.

29/ In Allah Ya kai ka ɗaya daga wuraren nan, ga abin dubawa kafin ka biya:
• Tambayi tazarar da suke bari. A Hawaii doka ta ce yadi 100, wajen mita 91.
• Jirgi ya bi ta gefe a hankali, kar ya tare gaba ko ya bi baya.
• Kar a shiga tsakanin uwa da ɗa.
• Wanda ya ce tabbas za ka taɓa shi, riƙe kuɗinka.

30/ Sannan ka je a kan kaka, ka ware kwana biyu ko uku, don teku ba ta da alƙawari. Ka sha maganin jiri kafin a tashi, ba sai cikinka ya fara juyawa ba. Kuma don Allah ka ajiye wayar na minti ɗaya ka kalla da idonka. Gani ya kori ji, ya kori bidiyo ma.

31/ Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi shafar mu. Muna da namu mai shayarwar a ruwa: ayu, a kogin Kwara da Binuwai. Ba dangin wel ba ne, da giwa ya fi kusanci. Ɗa ɗaya uwar ke haifa bayan ciki na kusan shekara, kuma tun 2013 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe.

32/ Amma ku leƙa shafukan masu sayar da kayan mata ku ga yadda ake tallar man ayu. In na gaske ne, an kashe dabbar da ke ƙarewa. In na jabu ne, an cuce ku. Ba yadda za a yi mu tafa wa Meksiko kan ta kare nata, mu kuma muna zuba namu a kwalba.

33/ Jerina dai: Hermanus, Baja, Azores, Kaikoura, Valdes, sai Gabon da Cape Verde a matsayin na kusa da gida. Wanda ya taɓa zuwa ɗaya daga ciki, ko ya taɓa ganin ayu da ransa a kogi, ya ba mu labari a ƙasa. Masu kare Tonga kuma ku zo da hujja, ina nan. Allah Ya ba mu ikon zuwa. 🐋