Idan Aka Fifita Wanda Bai Cancanta Ba

Ya 'yan'uwa ma'aikata, daga Sundimina har Birnin Kudu da Gwaram kukan ɗaya ne: an ƙara wa ɗan gida girma, an bar mai ƙwazo. Lallai wannan zalunci ne, kuma Imam Buhari ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa danƙa al'amari ga wanda bai cancanta ba tozarta amana ne. Amma malamin da ya huce haushinsa da ƙin shiga aji, 'ya'yan talakawa ya zalunta, shugabansa kuwa ko a jikinsa. Don haka ka riƙe aikinka, ka kame harshenka daga gulma, ka rubuta kokenka da hujja. Tun 1975 aka kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a domin irin wannan. Haƙuri bai hana neman haƙƙi ba. Allah Ya sa mu dace.