Guzurin da ba a koya wa maniyyata haɗawa

Da zarar an fara bitar aikin Hajji a ƙananan hukumomi, malamai kan zage su koyar da maniyyata ɗaura harami, ɗawafi, sa'ayi da jifa, har a kafa ɗan ɗaki a fili a zagaya shi don kowa ya gane. Jami'an hukumar alhazai kuma su yi bayanin nauyin kaya da kuɗin guzuri, su ja kunne kan goro. Maganar magani ce takan zo a ƙurarren lokaci, kuma ba ta cika wuce jimla biyu ba: kada a ɗauki ƙwaya, akwai asibiti a can. Dukkan biyun gaskiya ne, amma sun bar maniyyaci a tsakiya. Wani ya tafi hannu rabbana, ko maganin hawan jinin da yake sha kullum bai ɗauka ba, wani kuma ya bi ta kemis ya cika leda da duk abin da mai shago ya miƙo masa. A ganina jakar maganin alhaji ta cancanci zama darasi mai zaman kansa a bita, kuma jakar da ta dace ƙarama ce, an haɗa ta daidai da ciwon mai ita, akwai takardar likita a ciki, sannan ba ta rabuwa da jikinsa.

Hajjin 2024 ya isa hujja. Hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, a shekarar da ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami. Sun ce kashi 83 cikin ɗari na mamatan ba su da izinin aikin Hajji, wato mutanen da suka yi doguwar tafiya a rana babu tanti babu mota. Wanda ya bi ta hukuma yana iya jin wannan ya ce abin bai shafe shi ba. To amma ragowar kashi 17 ɗin sun haura mutum 200, kuma hukumomin sun ce akwai tsofaffi da masu daɗaɗɗen ciwo a cikin mamatan. Nan ne maganar ta zo gidanmu. Da yawa daga cikin alhazanmu sai sun shekara da shekaru suna tari kafin kuɗin kujera ya cika, wasu kuma 'ya'ya ne ke biya wa iyaye bayan girma ya kama su. Saboda haka jirgin alhazai cike yake da masu hawan jini, masu ciwon suga, masu asma da masu ciwon gwiwa. Gaskiya ne lokacin Hajji yana matsowa baya da kamar kwana 11 duk shekara, yana fita daga tsakiyar bazarar Saudiyya, amma Makka ko a watan Mayu takan haura digiri 40.

Abin da ya kamata a fara lura da shi shi ne yadda ranakun aikin suke. Daga 8 ga Zulhajji zuwa 12 ko 13, alhaji yana barin babbar jakarsa a masauki a Makka, ya koma tsakanin Mina, Arfa da Muzdalifa da ɗan abin da zai iya ratayawa. Maganin da aka bari a babbar jaka daidai yake da wanda aka bari a Kano ko Zinder. A kwanakin nan barci yana raguwa, lokacin cin abinci yana rikicewa, tafiya a ƙafa kuma tana ninkuwa. Sa'ayi kaɗai ya haura kilomita uku, ban da zuwa wurin jifa da dawowa. Mai ciwon suga da ya sha maganinsa da safe, abinci ya yi jinkiri, ya kama hanyar jamra, sugansa na iya faɗuwa: sai gumi, rawar jiki, jiri, daga nan sai suma, na kusa da shi su ɗauka rana ce ta buge shi. Dabino kaɗan ko alawa a aljihun jaka suna iya tare wannan. Mai allurar insulin yana da wata matsalar, domin zafi yana kashe ƙarfinta ba tare da kamanninta sun sauya ba, don haka yana bukatar 'yar jakar da ke riƙe sanyi, ba a aza kwalbar a kan ƙanƙara kai tsaye ba. Mai hawan jini da ke shan irin maganin nan mai sa yawan fitsari kuwa jikinsa zai riga na kowa bushewa. Ko a rage masa ne ko a sauya, likitan da ya san shi ne zai faɗa tun a gida, ba ɗan ɗakinsu a Mina ba.

Sauran kayan jakar ba masu tsada ba ne, shi ya sa ma ake raina su. Ƙunshin gishiri da suga na ORS shi ne kan gaba, don gumi da gudawa suna fitar da gishirin jiki, ruwa zalla kuma ba ya mayar da shi. In ya ƙare, ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta suna yin aikin. Sai farasitamol, filasta, takunkumin hanci, laima, da man basilin marar ƙamshi, domin namijin da ke cikin harami babu wando a jikinsa, cinyoyi suna gugar juna cikin gumi har su saɓule, kuma wanda hakan ya same shi tun a Arfa ya san yadda jifa za ta kasance masa. Takalmi ma a wannan lissafi magani ne. Silifas kan ɓace a ƙofar masallaci, mutum ya ce bari ya taka zuwa masauki, alhali kwalta da daɓen waje sun ɗauki zafin da ke ƙona tafin ƙafa. Mai ciwon sugan da jijiyoyin ƙafarsa suka mutu ba zai ma ji ƙunar ba sai ya ga fata ta tashi, kuma irin wannan ciwo ne ke kai mutum ga yankan ƙafa. Silifas na biyu a jaka ya fi kwalin ƙwayoyi amfani a wurinsa.

Za a ce ai Saudiyya tana da asibitoci a Mina da Arfa, ana duba alhazai kyauta, hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ita ma tana tafiya da tawagar likitoci. Haka ne, kuma duk wanda ya ga alhaji ya rikice, yana sambatu, jikinsa ya yi rau da zafi, to kada ya tsaya lalube a jaka, ya sanyaya shi ya nemi motar asibiti. Jakar magani ba ta zo don ta maye gurbin asibiti ba. Amma asibiti yana can ne, alhaji kuma yana nan cikin cunkoson mutum sama da miliyan ɗaya da rabi, kuma mai asma da numfashinsa ya sarƙe a Muzdalifa da tsakar dare ba shi da lokacin neman hanya. Ko an kai shi, likitan da zai karɓe shi bai san tarihinsa ba, wataƙila kuma ba ya jin Hausa. Dattijuwar da aka tambaye ta maganin da take sha ta ce wata 'yar farar ƙwaya ce ƙarama ba ta taimaki kowa ba. Takarda guda mai ɗauke da sunan ciwo, sunan magani na asali, adadin da ake sha da abin da jiki ba ya so, ita ce za ta yi magana a madadinta ranar da ba ta iya buɗe baki.

Masu tsoron ɗaukar magani saboda kamu su ma suna da dalili. Dokar Saudiyya kan miyagun ƙwayoyi tana da tsanani har zuwa hukuncin kisa, kuma mutanen Arewa ba su manta da ɗalibar nan daga Kano da aka kama a Madina a ƙarshen 2018 ba, kan wata jaka mai ɗauke da tiramadol da aka maƙala wa sunanta, sai a watan Afrilun 2019 aka sake ta bayan bincike ya wanke ta. Sai dai darasin wannan shi ne mutum ya san abin da ke cikin kayansa, ya ƙi karɓar saƙon kowa ko da na surukinsa ne, ba wai ya bar maganin zuciyarsa a gida ba. Magani a cikin kwalinsa na asali, daidai adadin kwanakin tafiya da ɗan ƙari saboda jinkirin jigila, tare da takardar likita, ba shi ne ke jawo matsala ba. Abin da ke jawo ta shi ne ƙwayoyin da aka zazzage a leda, da tiramadol da kodin, da garin magani na gargajiya da aka ƙulle babu suna, wanda jami'in filin jirgi ba shi da hanyar sanin ko sassaƙe ne ko wani abu. Ledar kemis ma tana da nata lahanin ko ba a kama kowa ba. Tarin nan da alhazai ke dawowa da shi galibi ƙwayar cutar mura ce ke kawo shi, wadda kafso ba ya kashewa. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, in aka yi ta afa su jiki a bushe, ƙoda ce ke biya. Haka kuma ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Alhaji na iya tafiya da maleriya a jininsa daga gida, amma wanda rana ta buga aka ba shi maganin maleriya an ɓata masa lokaci ne kawai.

Akwai kuma masu ganin duk wannan shiri ƙarancin tawakkali ne, wai wanda ya je ɗakin Allah ya rasu a can ai ya dace. Malaman bita sun fi kowa sanin amsar wannan, domin an ruwaito cewa ayar Suratul Baƙara da ta yi umarni da yin guzuri ta sauka ne kan wasu mutanen Yaman da ke zuwa Hajji babu guzuri suna cewa su masu tawakkali ne, su ƙare da roƙon mutane. Wanda ya bar maganinsa ya faɗi a Mina, wasu alhazan ne za su bar ibadarsu su yi jinyarsa. Kuma mun daɗe da yarda da rigakafin sanƙarau, shawara da shan inna a matsayin sharaɗin tafiya. Rigakafin sanƙarau mai nau'i huɗu ya zama dole ne bayan ɓarkewar cutar a Hajjin 2000 da 2001, babu kuma wanda ya ce katin rigakafi ya rage masa imani.

Inda gyara zai yiwu shi ne wurin gwajin lafiyar maniyyata. A yanzu da yawa suna kallonsa a matsayin shingen da za a tsallake, har wasu su ɓoye ciwonsu don gudun a hana su kujera, abin da ke nufin an tafi da su ba a san su ba. Hukumomin alhazai na jihohi suna iya mayar da wannan zama ya zama inda ake haɗa jakar: likita ya duba magungunan mutum, ya daidaita su da zafi da tafiya, a ba shi kati mai rubutun Larabci da Turanci da zai rataya tare da katin shaidarsa, mata masu son shan maganin jinkirta al'ada su ma a duba ko ya dace da su. Ga wanda bai iya karatu ba, a yi alama a jikin kwali, ta safe daban ta dare daban, a kuma sanar da shugaban ɗakinsu. Hukumar da take iya ɗinka wa kowane maniyyaci yunifom da jaka mai tambarin jiha ba za ta gaza sanya ƙunshin ORS goma da kati ɗaya a cikinta ba, kuma sa'a guda daga cikin makonnin bita ta isa ma'aikacin lafiya ya zazzage jakar a kan tabarma ya nuna wa maniyyata abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya.