Hakeem Olajuwon: Ɗan Wasan Da Ya Ci Kofi Bai Ajiye Azumi Ba

A wannan fitowa za mu waiwayi tarihin wani gwanin ƙwallon kwando, wasan da yaranmu ke kira basket, domin a cikinsa akwai haske game da gardamar da ke yawan tashi a gidajenmu. Uba yana tsoron wasa zai raba ɗansa da salla da karatu, ɗan kuma yana ganin riƙo da addini zai hana shi yin fice.

An haifi Hakeem Olajuwon a Legas ta Najeriya ran 21 ga Janairu 1963, a gidan Yarabawa Musulmi masu sana'ar siminti. Yana yaro mai tsaron raga ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu, bai soma ƙwallon kwando ba sai da ya kai shekara 15. A 1980 ya tafi Amurka, ya shiga Jami'ar Houston a jihar Texas, ƙarƙashin mai horarwa Guy Lewis.

A shekararsa ta farko bai buga wa jami'ar ko wasa ɗaya ba, a ta biyu kuwa yawanci daga benci ake tado shi. Bai yi zuciya ba. Lokacin hutu ya riƙa zuwa wani ɗakin wasa na garin yana gwabzawa da Moses Malone, ƙwararre wanda ya girme shi ya kuma fi shi ƙarfi, har jikinsa ya yi ƙwari. A 1983 Houston ta kai wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka, amma Jami'ar North Carolina State ta doke ta da ci 54 da 52, da ƙwallon da ya faɗa kwando a daƙiƙar ƙarshe. Duk da haka shi aka zaɓa gwarzon gasar. A 1984 suka sake kaiwa, Jami'ar Georgetown ta Patrick Ewing ta yi galaba da ci 84 da 75.

A gasar ƙwararru ta NBA, ƙungiyoyi kan zaɓi sababbin ƴan wasa bi da bi kowace shekara. A zaɓen 1984 Houston Rockets ta ɗauki Olajuwon a matsayi na ɗaya, Michael Jordan kuwa shi ne na uku. A 1986 Rockets ta kai zagayen ƙarshe, Boston Celtics ta ɗauke kofin. Sau uku ke nan cikin shekara huɗu yana isa bakin ƙofa ana mayar da shi.

A waɗancan shekaru an san shi da saurin fushi, yana faɗa da abokan hamayya, yana jayayya da alƙalan wasa. Daga baya ya koma wa addininsa da gaske, ya riƙe salla da karatun Alƙur'ani, halinsa ya yi sanyi. A 1991 ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem, domin ya dace da asalinsa na Larabci, wato mai hikima.

Sai a 1994, yana da shekara 31, ya ci kofin NBA, bayan Rockets ta doke New York Knicks a wasa na bakwai, kuma Patrick Ewing ɗin nan ne jigon Knicks. A shekarar aka ba shi kambun gwarzon kakar wasa, da na gwarzon tsaron gida, da na gwarzon zagayen ƙarshe, abin da babu wanda ya haɗa a shekara guda kafinsa. A 1995 suka sake ci, suka lallasa Orlando Magic ta Shaquille O'Neal wasa huɗu a jere. Azumin wannan shekara ya kama ne a farkon Fabrairu. Olajuwon bai ajiye shi ba, kuma shi NBA ta zaɓa gwarzon watan.

Ya samu takardar zama ɗan Amurka a 1993, ya ci lambar zinariya tare da tawagarta a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996. Ya ƙare wasa a Toronto Raptors ta Kanada a 2002, bayan kaka 18, da maki 26,946 da tare ƙwallo sau 3,830, adadin da babu wanda ya kai shi a kundin NBA. Da Rockets ta kafa masa abin tunawa a 2008, rigarsa mai lamba 34 aka siffanta, domin bai yarda a yi mutum-mutuminsa ba.

Ya ku iyaye, kada mu ɗauki filin wasa abokin gāban masallaci. Abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu san inda yaro yake wasa, da su wa yake yi, da ko yana tsayawa in lokacin salla ya yi. Ku kuma matasa, ku lura da cewa ta jami'a Olajuwon ya bi, kuma ƴan wasa kimanin 60 kacal NBA ke zaɓa a shekara daga duniya baki ɗaya. Wanda ya jefar da littafi saboda ƙwallo ya yi caca da rayuwarsa. Ku lura kuma da cewa shekara goma sha huɗu ya yi a Amurka kafin ya ɗaga kofi. Mahaƙurci mawadaci.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a cikin baiwar da ya yi musu, amin.