Kujerar Majalisa Ba Gadon Kowa Ba Ce

Jama'a, a wannan mako muna so mu kai ku Ingila, ku ga yadda masu ƙuri'a suka ƙwace kujerar da wata jam'iyya ta riƙe shekara 114.

Henley mazaɓa ce ta karkara a lardin Oxford, gefen Kogin Thames. Ƙauyuka ne da gonaki, amma da yawa daga mutanenta ba noma suke ci da shi ba. Sammako suke yi su hau jirgin ƙasa ko mota zuwa Landan ko Oxford ko Reading wurin aiki, sai dare su komo gida. Tun daga 1910 jam'iyyar Konsabatib ta riƙa cin wannan kujera, har zuwa 2024. Michael Heseltine ya riƙe ta, haka Boris Johnson daga 2001 zuwa 2008, kafin ya zama Firayim Minista. A zaɓen 2019 ratar da suka ba abokan takara ta kai wajen ƙuri'a 14,000. Har ta kai ana ganin ko sanda suka tsayar sai ta ci.

To, ran 4 ga Yuli 2024, da aka ƙidaya ƙuri'un mazaɓar, wadda aka sake wa iyaka da suna Henley da Thame, sai ga Freddie van Mierlo na jam'iyyar Libaral Dimokurat ya kayar da su da ratar sama da 6,000.

Me ya jawo haka? Na farko aljihu. Mai zuwa aiki birni yawanci da bashin banki ya sayi gidansa. Babban Bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa daga 0.1 cikin ɗari a 2021 har 5.25 a 2023, ga tsadar abinci, ga yajin aikin ma'aikatan jirgi. Ku da ke kasuwa kun san zafin da mutum ke ji in uwar kuɗi na narkewa yana kallo. Na biyu, ƙazantar masai da ake kwararawa cikin kogin da suke alfahari da shi, inda ake tseren kwalekwale tun 1839. Abin da mutum ya gani da idonsa, ba a goge masa shi da jawabi.

Na uku shi ne babba. A dokar zaɓensu, wadda mu ma muka gada, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci, ko da ɗaya ce. Saboda haka magoya bayan Leba da yawa suka haƙura da nasu ɗan takara, suka zuba wa wanda zai iya kai labari. Su kuwa Konsabatib, bangonsu ya tsage, jam'iyyar Reform UK ta yagi nata rabo. A ƙasa duka kujerunsu suka faɗo daga 365 zuwa 121, na Libaral suka tashi daga 11 zuwa 72.

Lalle mutanen Henley ba matalauta ba ne, ba mu ce damuwarsu irin tamu ce ba. Amma ƙuri'ar attajiri da ta mai tallan gyaɗa nauyinsu ɗaya a akwati. Wakilin da ya ɗauka kujera tasa ce har abada, barci yake yi. Masu hamayya kuwa da suka rarrabu gida huɗu, kansu suka kayar. Tsintsiya sai da maɗauri take shara. Kowa ya adana katinsa, ya lura da abin da aka yi masa, ya riƙe shi har ranar zaɓe.