Sao Tome: Hadarin fetur da ruwan tulu

A shekarar 2001 ne Najeriya da ƙasar Sao Tome da Principe suka rattaba hannu a Abuja kan yarjejeniyar haƙar man fetur ta haɗin gwiwa a tekun da ke tsakaninsu: kashi 60 cikin ɗari na Najeriya, kashi 40 na tsibiran. A 2004 har doka Sao Tome ta kafa kan yadda za ta kashe kuɗin man. Sama da shekara ashirin ke nan, yankin bai fara fitar da mai zuwa kasuwa ba.

Ƙasar mai mutane sama da 200,000 har yau da koko, manja da baƙi masu yawon buɗe ido take samun kuɗin waje. Daga ƙetare take sayo fetur da yawancin abincinta, kasafin kuɗinta kuma ya jingina da tallafi. Alhali a farkon ƙarni na 20 tsibiran nan suna sahun gaba a duniya wajen noman koko.

A ganina, lokaci ya yi da jami'anmu masu kula da wannan dangantaka za su daina auna ta da rijiyar mai kaɗai. Jigilar kaya ta ruwa, cinikin abinci da sarrafa koko sun fi kusa da hannu. Masu tsara kasafinmu ma su duba: kuɗin da bai shigo ba, ba a ɗora masa albashi. Hausawa sun ce ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.